Kafin Beulah Ta Yi Saɓa Huɗu

Green Pond, Karolina ta Kudu
6 ga Oktoba, 1996

Lenora,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya, kuma sanyin Alaska bai riga ya cinye miki yatsu ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu, wadda ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Nita tana ci tana sha, ta fara makaranta. Malamarta ta ce akwai kai, sai dai babu baki.

To, mu zo kan magana. Ni da ubanki 'ya'yan wa da ƙani ne, shi ya sa da kika ce in riƙe miki 'yarki wata huɗu ki je ki yanka kifi a ƙarshen duniya, ko tari ban yi ba. Amma ba ki gaya mini 'yar taki ma tana da 'ya ba. Kin shigo da akwatin gilashi lulluɓe da bargo, kika ce kayan Nita ne, kika ajiye a ɗakin ɗinkina, kika rungume ni kika shige mota. Sai da kuka sha kwana na ɗaga bargon. Lenora, shekarata saba'in da ɗaya, kuma rabona da tsalle irin na ranar tun ina budurwa.

Nita ta yi mini bayani a tsanake, kamar mai karanta takardar magani. Wai macijiyar masara ce, ba ta da dafi, watanta takwas, sunanta Beulah. Na ce Beulah ai sunan shugabar mawaƙan cocinmu ne. Ta ce ita ba ta sani ba. To yanzu duk Lahadi in Sista Beulah ta miƙe cikin rigarta ruwan lemo tana rangaji, ni kaɗai na san dariyar da nake haɗiyewa.

Ba wai ban san irinsu ba ne. Sun cika rumbun masarar babana, kuma ba ya bari a kashe su don suna rage masa ɓeraye. Amma a rumbu suke, ba kusa da keken ɗinki ba. Na ce da Nita abar nan ba za ta kwana ƙarƙashin rufina ba, a kai ta rumfar baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki matashinta da bargonta ta bi bayan akwatin. Na ce ina zuwa? Ta ce inda Beulah ta kwana nan za ta kwana. Na ga idon kakanta a fuskar yarinyar nan, na san in na ja, a hannuna igiyar za ta tsinke. Akwati dai ya koma ɗakin ɗinki.

Ban gama farfaɗowa ba, jiya na buɗe firiza zan ɗauko kuɓewa, sai na ɗauko ledar ɓeraye, farare tas, a daskare, an jera su gwanin sha'awa. Wannan kam sai kin dawo za mu yi ta baki da baki.

Abu ɗaya nake so ki warware mini. Na tambaye ta ko in rataya mata kalanda ta riƙa soke kwanaki har ki dawo. Ta ce ba ta bukata, tana da Beulah. Me ke nan? Kada ki ba ni amsa ta waya. Kin san kunnena da waya ba sa ga maciji, kuma da ta yi ƙara Nita ke rigan kowa ɗauka. Ki rubuto.

Gwaggonki,
Vernell

Unalaska, Alaska
23 ga Oktoba, 1996

Gwaggo,

Ina gaishe ki gaisuwar girma. Allah ya sassauta gwiwar nan. Ni ma lafiya, sai hannuwa da suka tsattsage da ruwan gishiri, da ƙarnin kifi da ya bi ni har cikin mafarki. Wasiƙarki ta yi kwana goma sha biyar a hanya. Jirgin wasiƙu ba ya sauka a tsibirin nan in hazo ya rufe, kuma hazo ya fi rana yawa.

Ki yafe mini maganar bargo. Na san halinki, da na faɗa miki tun farko za ki ce in zaɓa, ko 'ya ko macijiya, alhali ba a raba su.

Ga amsar tambayarki. Kin tuna Darnell, uban Nita. Ranar da ya tafi ya durƙusa a gabanta ya ce Juma'a zai dawo. Shekararta shida a lokacin. Kusan shekara guda ta yi, duk Juma'a tana zaune a bakin ƙofa da takalmanta a ƙafa. Tun daga nan ba a ce mata rana kaza ko wata kaza ta saurara. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ita dai 'yata ba maciji ne ya sare ta ba, shi ya sa ba ta tsoronsa, kalanda take tsoro.

Da na ce mata zan tafi aiki, kwana uku ba ta ce mini uffan ba. A rana ta huɗu na same ta tana kallon Beulah, sai dabara ta zo mini. Ƙaramar macijiya tana saɓa duk bayan mako biyar ko shida, ta tuɓe tsohuwar fata ta fito da sabuwa. Na ce mata, kafin Beulah ta yi saɓa ta huɗu ina gida. Ta ɗauko littafinta na macizai ta yi lissafi da yatsu, sannan ta ɗago ta ce to, ta yarda, don Beulah ba ta ƙarya. Aikina zai ƙare ƙarshen Janairu, saɓa ta huɗu kuwa sai wajen tsakiyar Fabrairu. Na bar wa kaina fili.

Alkawari kaya ne, Gwaggo, kuma wannan shi ne na farko da ta karɓa daga bakin mutum cikin shekara uku. Ba zan sauke shi a hanya ba.

Game da kula da ita, ba abin da za ki yi. Nita ta san komai, ɓera ɗaya duk Asabar, ta narkar da shi a ruwan ɗumi. Ke dai ki tabbata murfin akwatin a kulle yake, don gwanayen gudu ne. Ki sa ledar ɓerayen cikin wani kwano mai murfi, ki rubuta a kai, kada wata rana ki yi wa fasto miya da su.

'Yarki,
Lenora

Green Pond
1 ga Disamba, 1996

Lenora,

Gaisuwa. Muna lafiya, mun yi bikin godiya na shekara-shekara ni da Nita da Cleotis maƙwabcina, wanda ya kawo talotalo ya kuma cinye rabi. Ki riƙa shafa man kaɗe a hannuwan nan ki sa safa ki kwana da ita. Maganar miyar fasto kuma na ji, zan riƙe miki ita.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Darnell dai Allah ya isa, ba zan ɓata tawada a kansa ba.

Saɓa biyu an yi. Ta farko saura kaɗan ta ja mini hawan jini. Na leƙa da safe, ba don ina so ba, don in ga ko murfi a kulle yake, sai na ga idanun abar sun koma fari-fari kamar an ɗiga madara, jikin ya dusashe. Na ce shi ke nan, ta makance a gidana, me zan gaya wa yarinyar mutane? Har na tsinci kaina ina yi wa macijiya addu'a, abin da ban taɓa zaton zan yi ba kafin in mutu. Nita ta dawo daga makaranta ta duba, ta yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce saɓa ce ke tafe. Bayan mako guda kuwa ta kira ni. Abar ta goga hanci a jikin dutse, ta zare kanta daga fatar kamar mace na cire doguwar safa, ta fito ja jawur da ɗigon baƙi, cikinta kamar ƙwayoyin masara. Ba zan ce tana da kyau ba. Zan dai ce na tsaya har aka gama.

Nita ta karɓe gwangwanin biskit ɗina na ajiye maɓallai, ta shimfiɗa auduga, a ciki take ajiye fatun. Kowace da takardarta, ɗaya, biyu. Da yamma takan buɗe ta duba, ta rufe. Bakinta ma ya fara buɗewa, ko da yake yawancin hirar da Beulah ake yi, ni sai abin da ya faɗo.

Abu biyu nake so ki sani. Ɓerayen da kika bari sun ƙare tun makon jiya, sai da Cleotis ya kai mu garin Walterboro muka sayo. Kin ce za su kai Janairu. Ko dai ke ba ki iya ƙirga ba, ko ƙwaƙwalwata ta fara yoyo. Na biyu, tsakanin saɓa ta ɗaya da ta biyu mako huɗu ne kacal, ba biyar ko shida ba. Abar nan ba ta jiran kowa, ki sake duba lissafinki.

Gwaggonki,
Vernell

Unalaska
15 ga Disamba, 1996

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Man kaɗe ya yi aiki. Akwai ƙunshi a hanya, hular ulu taki ce, sauran na Nita ne.

Na juya wannan takarda ya fi sau goma kafin in fara. Matar da ke shugabantar layinmu na yankan kifi ta karye a hannu, an ce in riƙe wurin. In na tsaya har kakar kifi ta gaba ta ƙare, ƙarshen Maris ke nan, za su ba ni takardar shaidar shugabar layi. Da takardar nan zan samu aiki a Charleston, kusa da gida, aiki na zama, in kwana gida kullum, ba zan sake barin Nita ko na mako ɗaya ba. In na taho a Janairu, baɗi war haka ina nan kuma, ita tana wurinki ko wurin wani. Na karɓa, Gwaggo. Na san abin da na yi, kuma ko yau aka sake tambayata zan karɓa.

Ranar Lahadi na kira da niyyar gaya mata. Na bi layin waya na minti arba'in, ta ɗauka, kafin in buɗe baki ta ce, "Mama, saura biyu." Sai na ji kaina ina tambayarta makaranta. Na kasa.

Ki taimake ni. Ke ce kusa da ita, ke kika san lokacin da ranta ke kwance. Ki yi duk dabarar da za ki yi, kada saɓa ta huɗu ta zo ta same ta tana zaune a bakin ƙofa. Ba zan iya ɗaukar ta sa ni layi ɗaya da ubanta ba.

'Yarki,
Lenora

Green Pond
5 ga Janairu, 1997

Lenora,

Barka da sabuwar shekara. Mun ci wake da shinkafa da ganye kamar yadda aka saba, na sa Nita ta ci har da naki rabon. Hula ta zo, ta yi mini yawa, amma ina sawa. Sanyi ya sauko mana sosai, har ruwan bokiti ya yi ƙanƙara.

Ban ga laifinki ba kan aikin. Mace mai 'ya ba ta tsallake irin wannan ƙofa in ta buɗe. Ki tsaya ki karɓo takardarki.

Amma ana ga wata ga wata. Saɓa ta uku ta zo ranar ashirin da bakwai ga Disamba. A yadda abar nan ke sauri, ta huɗu ba za ta wuce ƙarshen watan nan ba. Nita har ta fara share ɗakin da za ki kwana.

Kin ce in yi dabara, to na yi, kuma ki yaba mini. Na ɗauki littafin macizan nata ranar da take makaranta, na sa tabarau na karanta. A ciki an ce macizan daji in sanyi ya shigo sai su lafe, ba ci, ba girma, ba saɓa, har bazara. Na ce ashe! Na babana ma haka suke yi a rumbu, ba mai kunna musu wuta, kuma ba su mutu ba. Wannan shimfiɗar lantarki da ke ƙarƙashin akwatin ita ce ke ruɗin abar, take zaton kullum bazara ce.

Don haka da motar makaranta ta tashi sai in zare wayar daga bango, in ɗaga taga. Saura rabin awa ta dawo in rufe taga, in mayar da waya. Nita tana duba ma'aunin zafi safe da yamma, kullum tana samunsa daidai. Yau kwana shida ke nan. Abar ta rage yawo, tana naɗe a lungu, alamar dabara ta fara ci. In na riƙe ta haka har Maris, kin sauka kafin saɓa ta huɗu, alkawarinki bai karye ba, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ki kwantar da hankalinki ki yanka kifinki. Gwaggonki ba ta tsufa a banza ba.

Vernell

Unalaska
21 ga Janairu, 1997

Gwaggo,

Ina fata kuna lafiya, ku ukun. Yau wasiƙarki ta iso, bayan kwana goma sha shida. Na ruga wurin waya, iska ta katse layin tsibirin tun shekaranjiya, ba wanda ya san ranar gyara. Ina rubuta wannan a tsaye.

Don Allah ki mayar da wayar nan bango, kada ki sake zare ta. Macijin daji yana daina ci kafin sanyi ya kama shi, cikinsa fayau yake lafewa. Beulah kuwa ana ba ta abinci. In babu ɗumi ba ta iya narkar da shi, sai ya ruɓe a cikinta. Yana kashe su, Gwaggo. Laifina ne, na ce miki ba abin da za ki yi, ban taɓa gaya miki amfanin shimfiɗar ba.

Kuma ba abin da nake nufi ke nan ba. So nake ki zaunar da Nita ki shirya mata zuciya, ki faɗa mata abin da ni na kasa faɗa. Na sake karanta abin da na rubuta a raina, na ga ban fito fili ba, don kunya ta hana ni cewa ki ɗaukar mini kayana. Tsoro ne ya sa na tura ki gaba.

In wani abu ya sami Beulah, ba alkawari kaɗai na karya ba.

Lenora

Green Pond
2 ga Fabrairu, 1997

Lenora,

Muna raye, mu ukun. Da wannan zan fara don na san shi kike nema. Wasiƙarki ta iso jiya, ta tarar an riga an yi ɓarin.

Ranar goma sha huɗu ga Janairu Nita ta dawo daga makaranta, na ji ta kira ni da wata irin murya. Na shiga, wari ya tare ni tun daga ƙofa. Beulah ta amayar da ɓera biyu, tana kwance a miƙe, fatar ta yi yaushi, ko harshe ba ta fitarwa. Cleotis ya kwashe mu a motarsa zuwa wurin likitar dabbobi, Nita na rungume da abar a cikin rigarta.

Likitar, wata doguwar mata mai suna Heyward, ta dudduba ta, sannan ta tambayi Nita sau nawa take ba ta abinci. Nita ta sunkuyar da kai ta ce sau uku a mako. Tun Oktoba.

"Uku? Wa ya ce ki yi haka, 'yan mata?"

"A littafi an ce in tana ci da yawa za ta girma da sauri. In ta girma da sauri za ta yi saɓa da sauri, sai Mama ta dawo da wuri."

Kin ga inda ɓerayenki suka tafi. Ni ina ja baya, ita tana turawa gaba, baiwar Allah tana tsakiya ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Likita ta tambayi ɗumi. Nita ta ce kullum daidai yake, tana dubawa safe da yamma. Likita ta gyaɗa kai ta ce to, yawan cin ne ke nan. Lenora, da na yi shiru da shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Amma na dubi yarinyar nan na ga ta ɗauki laifin gaba ɗaya ta aza a kanta, 'yar shekara tara, har kafaɗunta sun sauka. Na ce likita, ba haka ba ne. Na faɗi komai, waya, taga, kwana goma sha biyar. Matar ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Mama, da shekarunki?" Na ce da su ɗin, garin neman gira na kusa rasa ido.

A mota Nita ta yi mini tambaya ɗaya, me ya sa. Na ce mamanki ba za ta zo a Janairu ba, sai ƙarshen Maris, na so in tsayar da Beulah ta jira ta. Na gaya mata maganar takarda da aikin Charleston. Ta ce tun yaushe Mama ta sani, na ce tun kafin Kirsimeti. Ta ce, "Ke ma kin sani." Na ce na sani.

Raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi, ba da ke ba. Kin rubuta a dunƙule, gaskiya ne, amma ni ce na zaɓi hanyar da ba sai na kalli idon yarinya ba.

Likita ta ce kwana goma sha huɗu ba abinci, ɗumi ba yankewa, sannan a gwada ɗan mitsitsin ɓera. In ya zauna, akwai fata. Na kwashe keken ɗinki na kai falo, na toshe tagar da tsumma, na sa Cleotis ya ɗaure wayar a bango yadda ko ni ba zan iya zare ta ba. Duk awa biyu ina duba ma'auni ina rubutawa a takarda, in Nita ta dawo in miƙa mata. Kwana tara tana karɓa ba ta ce komai ba. A rana ta goma ta ce bakwai ɗina yana kama da ɗaya, in gyara. Ban taɓa jin daɗin gyara irin wannan ba.

Ranar Talata aka ba ta ɗan ɓeran. Yau kwana biyar, ya zauna.

Yanzu ki saurare ni. Na san ki, kina can kina tunanin tattara kaya ki taho. Kada ki kuskura. In kika taho yanzu kin karya alkawari kin kuma zubar da dalilin karya shi. Ki tsaya. Abar nan kuma ba za ta mutu a gidana ba, na rantse. An ce suna shekara ashirin, to ni da ita za mu ga wanda zai binne wani.

Gwaggonki,
Vernell

Unalaska
16 ga Fabrairu, 1997

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da godiyar da ba ta da iyaka. Na karanta wasiƙarki a ɗakin cin abinci, na yi kuka har wata 'yar Filifin da ke kusa da ni ta miƙo mini shayinta. Kin yi gaskiya, jakata tana kan gado a buɗe lokacin da wasiƙar ta zo. Na mayar da ita ƙarƙashin gado.

An gyara layi, kin dai ji na kira ranar Lahadi. Ba ki ji abin da na ce ba, to ga shi. Na ce mata na yi mata alkawari, kuma ba zan cika shi ba, ba laifin Beulah ba ne, ba naki ba ne, nawa ne. Na ce na sani tun Disamba na ɓoye don tsoro. Na ce ranar ashirin da tara ga Maris zan sauka. Sannan ta ce, "To." Ta ajiye.

Wannan "to" ɗin na san shi. Shi take ce wa Darnell a waya kafin ya daina kira.

Na sa kwafin tikitin jirgina a cikin wannan ambulan, ki ba ta. Na san takarda ba komai ba ce a wurinta, amma ita ke gare ni. Zan sauka ranar, ko da iyo ne. In ta ƙi kallona, zan zauna a bakin ƙofarta duk Juma'ar da ta rage mini.

'Yarki,
Lenora

Green Pond
5 ga Maris, 1997

Lenora,

Gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi, sanyi ya fara ja baya, na shuka kuɓewa. Beulah tana cin ɓeranta ɗaya duk Asabar, kuma ni ce mai narkarwa yanzu, don Nita ta ce sai an samu shaida. Sista Beulah ta ji labarin takwararta, ta ce ba za ta sake taka gidana ba. Kin ga an samu riba biyu.

Kafin ki ci gaba, ki wanke hannu, ki nemi wuri mai tsabta. Akwai abu tsakanin kwalaye biyun nan, kada ki lanƙwasa.

Na ba ta kwafin tikitin. Ta duba gaba da baya, ta ajiye a kan firji, ba ta sake taɓa shi ba.

Makon jiya idanun Beulah suka yi madara. Na san abin da ke tafe, kuma wannan karon ba ni da wata dabara, ba na kuma nema. Shekaranjiya da la'asar Nita ta kira ni. Muka tsaya mu biyu muna kallo. Ta ɗan maƙale wajen wutsiya, saboda ciwon da ta yi, sai Nita ta ce in riƙe mata jiƙaƙƙen tawul abar ta bi ta ciki. Na riƙe, Lenora. Da hannuna. Ba sanyi gare ta kamar yadda na zata ba. Fatar ta fita cif, daga hanci har wutsiya, ba inda ya yage.

Nita ta ɗauko gwangwanin ta buɗe, ta zauna a kan tabarma da fatar a cinyarta. Ta daɗe haka. Can ta ce, "Gwaggo, huɗu ke nan."

Bakina ya so ya ce ai ta farkon ba a ƙirga ta, ko wata magana mai daɗi irin wannan. Na danne shi. Na ce huɗu ke nan, Nita, kuma mamanki ba ta zo ba.

"Amma ta faɗa kafin ta huɗun ta zo," in ji ta. "Baba bai taɓa faɗa ba."

Ta tashi ta yanko kwali biyu daga akwatin takalmi, ta naɗe fatar a hankali ta sa a tsakiya, ta miƙo mini. Ta ce in aika miki. Na ce ba za ki sa a gwangwani tare da 'yan uwanta ba?

"Ita za ta sa. Ki ce ta kawo da hannunta. Kuma ki ce mata tana karyewa da wuri, ta riƙe ta da kyau."

To ga ta nan, na cika aike. Ba nauyi gare ta ba, ko kuɗin kan sarki bai ƙaru ba, amma ki san abin da kika ɗauko. Ni da Cleotis da ita za mu kasance a filin jirgi ranar ashirin da tara. Ba ta ce za ta je ba, sai dai jiya na ga ta goge takalmanta na coci.

Gwangwanin yana kan tagar ɗakin ɗinki, da fata uku a ciki da takarda ta huɗu da ta riga ta rubuta. Ta hana ni rufe shi.

Gwaggonki,
Vernell